Yadda Ake Shigo da Sabuwar Na'ura ko Manhaja Sashen Gaggawa Ba Tare da An Karya Ma'aikata Ba

Duk wanda ya taɓa raka mara lafiya sashen gaggawa na asibitin koyarwa na Komfo Anokye, wanda mutanen Kumasi a ƙasar Ghana suka fi sani da "Gee", ya san yadda bakin ƙofar yake da daddare. Tasi ta tsaya da wanda babur ya kaɗe a Aboabo, pragya, wato keke mai ƙafa uku, na biye da tsohuwa mai haki daga Sawaba, ga motar asibiti ta kawo wanda aka turo daga Manhyia ko Tafo. Ma'aikata ƙalilan ne ke tarbar duk wannan. A irin wannan wuri ake son kawo kwamfuta, ko sabuwar manhaja, ko monita mai nuna bugun zuciya da awon jini, ko na'urar hoton ciki ta hannu. Kayan suna da amfani, babu mai musu. Abin da masu sayowa suka cika mantawa shi ne kowace na'ura da nata aikin take zuwa: a kunna ta, a yi mata caji, a goge ta, a shigar mata da bayani, a amsa kukanta. Aikin nan a wuyan wani zai faɗa, kuma galibi a wuyan wanda hannunsa ya riga ya cika. An rubuta wannan jagora domin shugabannin sashe, manyan nas, likitoci, ma'aikatan rikod da 'yan kwamitin asibiti ko kilinik na cikin zango, don su gano inda nauyin zai sauka tun kafin ya sauka.

A fara da agogo da biro

Kafin a kira ɗan kasuwa, a ɗauki mako biyu ana auna aikin yadda yake yanzu. Mutum ɗaya ya zauna da agogo kusa da teburin tantancewa, inda ake auna tsananin ciwo don a san wanda za a fara gani, ya riƙa rubuta lokuta huɗu ga kowane mara lafiya: lokacin da ya shigo ƙofa, lokacin da aka tantance shi, lokacin da likita ya gan shi, da lokacin da maganin farko ya shiga jikinsa. A yi da safe, a yi da yamma, a yi da dare, har da Asabar da Lahadi. A ƙirga waɗanda suka gaji da jira suka tafi. A rubuta minti nawa nas ke ƙarawa bayan lokacin tashinta. Idan babu waɗannan alƙaluma, bayan wata uku gardama za ta tashi, wani ya ce an samu sauƙi, wani ya ce an ƙara wahala, kuma babu mai hujja.

Daga nan sai lissafi mai sauƙi wanda ya kamata a yi a gaban shugaban asibiti. A ce sashenku na karɓar mutum 120 a rana, sabuwar manhaja kuma za ta ƙara minti 3 kacal a kan kowanne. Minti 360 ke nan, awa 6, wato aikin nas guda cur daga ƙarfe 8 na safe zuwa ƙarfe 2 na rana. Ko dai a samo wannan nas ɗin, ko a cire wani aiki mai cin awa 6 daga wuyan waɗanda ke nan. Idan ba a yi ko ɗaya ba, daga bakin gadon mara lafiya za a ciro awa shidan, domin babu wani wurin da za a ciro su.

A bi mara lafiya ɗaya da ƙafa, daga ƙofa har zuwa gado ko sallama, a lura da duk hannun da ya taɓa takardarsa. Za ku tarar folda tana yin ayyukan da ba wanda ya taɓa rubutawa. Idan aka ɗora ta a gefen dama na tebur, kowa ya san likita bai gani ba tukuna. Idan aka naɗe kusurwar takarda, akwai sakamakon gwaji da ake jira. Mai tura gado da ya kai folda ɗakin hoto shi ne ke dawowa ya ce, "Sista, Baban nan na gado na uku numfashinsa ya sauya fa." Ranar da folda ta ɓace, waɗannan saƙonni duk sun ɓace tare da ita, sai an ƙirƙiro musu wata hanya da gangan.

Magani kafin rajista

Wannan shi ne sharaɗin da ba a sassauci a kansa, kuma an koye shi da tsada. A watan Oktoba na 2002 asibitin yara na Pittsburgh a Amurka ya koma rubuta magani ta kwamfuta cikin kwana 6. Binciken da aka wallafa a 2005 ya nuna cewa a cikin yaran da ake turowa daga wasu asibitoci, mace-mace sun tashi daga kashi 2.80 zuwa kashi 6.57 cikin ɗari. Masana sun yi ta muhawara kan ko manhajar ce sanadi ko yadda aka shigo da ita, amma matsalolin da likitocin suka lissafa a fili suke. Da can ana shirya magani tun yaro yana hanya, sai manhajar ta hana rubuta komai har sai ya iso an yi masa rajista. An kwashe magungunan gaggawa daga ɗakin kulawa ta musamman zuwa babban ɗakin magani. Likita ɗaya ya koma zaman gaban allo yayin da ake fama da yaro. Asibitin yara na Seattle ya ɗauki manhajar kamfani ɗaya bayan haka, ya yi dogon shiri tare da ma'aikatansa, kuma mace-mace ba su ƙaru ba.

A nan gida, wanda aka tsinta a bakin titi sau da yawa ba shi da Ghana Card, wato katin shaidar ɗan ƙasa, a aljihu, ba katin inshorar lafiya, ba ɗan'uwa. Saboda haka a gwada manhajar da wannan tambaya tun kafin a sa hannu a takarda: za a iya buɗe wa wanda ba a san sunansa ba fayil cikin daƙiƙa 30, a rubuta masa magani, a nemi jini da hoto, ba tare da an cike gurbin inshora ko na biyan kuɗi ba? Idan mai tallan ya ce "za mu gyara daga baya", a jira sai ya gyara.

A tanadi fakiti 20 na waɗanda ba a san su ba, a ajiye a ɗakin farfaɗowa. Kowane fakiti da lambarsa da aka riga aka shigar a manhaja, da abin ɗaurawa a hannu mai wannan lamba, da sitika 10 na kwalaben jini, da takardun gwaji. Idan an yi haɗarin mota an kawo mutum 8 lokaci guda, kowa a ɗaura masa lambarsa a ci gaba da aiki. Idan dangi sun zo an san suna, ma'aikacin rikod guda ɗaya da aka ware shi kaɗai ke da ikon haɗe fayil biyu su zama ɗaya.

Sunaye kuma wata matsala ce da wanda ya rubuta manhaja a wata ƙasa bai san da ita ba. A zango mutum ɗaya yana iya zama Mohammed a katin inshora, Muhammad a takardar makaranta, Mahama a bakin maƙwabta. A dare ɗaya ana iya kwantar da Abdul Rahman uku, tsofaffi da yawa kuma ba su san ranar haihuwarsu ba. A koya wa mai rajista ya fara nema da lamba, ta Ghana Card ko ta inshora ko ta waya, suna ya zo daga ƙarshe. Kafin a ba da jini ko allura a duba abu biyu, suna da lambar hannu. Idan masu suna ɗaya sun haɗu a sashe, a manna jan sitika a gadajensu, a faɗa da baki lokacin miƙa aiki.

Teburin tantancewa

Asibitin Komfo Anokye, wanda sashensa na gaggawa ya fara aiki a 2009, yana amfani da ma'aunin tantancewa na Afirka ta Kudu da ake kira SATS, wasu asibitocin Ghana ma sun bi sahu. Launi biyar ne: ja a gan shi nan take, ruwan lemo cikin minti 10, rawaya cikin awa 1, kore cikin awa 4, shuɗi ga wanda rai ya yi halinsa. Makin da ake kira TEWS ana haɗa shi daga abu 7: ko mutum na iya tafiya, yawan numfashi, bugun zuciya, awon jini na sama, zafin jiki, yadda hankalinsa yake, da ko akwai rauni. Maki 0 zuwa 2 kore, 3 zuwa 4 rawaya, 5 zuwa 6 ruwan lemo, 7 zuwa sama ja.

Kwamfuta ta fi mutum iya haɗa wannan lissafi, musamman ƙarfe 3 na dare. Amma ga inda ake samun ɓaraka. Ma'aunin yana da jadawali uku: na manya, na yara masu shekara 3 zuwa 12, da na 'yan ƙasa da shekara 3. Idan aka yi kuskuren shekarar haihuwa wajen rajista, manhaja za ta auna jariri da ma'aunin babba, ta fitar da launin da ba nasa ba, kuma allon ba zai nuna wata alamar shakka ba. Na biyu, akwai alamomin da ke tsallake maki gaba ɗaya. Mai jijjiga a lokacin, wanda hanyar numfashinsa ta toshe, wanda ya ƙone a fuska, wanda sikarinsa ya faɗi ƙasa da 3 a ma'aunin mmol/L, duk ja ne ko makinsu nawa. Ciwon ƙirji da jinin da ya ƙi tsayawa ruwan lemo ne. Dole manhajar ta tambayi waɗannan tun farko, kuma ta bar nas ta ɗaga launi da dannawa ɗaya idan idonta ya ga abin da lamba ba ta nuna ba. Rage launi ne ya kamata ya nemi sa hannun babba.

Ƙirgen numfashi shi ne ke fara mutuwa idan monita ta zo. Na'ura ta ba da bugun zuciya, awon jini da oksijin, gurbin numfashi ya rage babu komai, manhaja ta ƙi wucewa, sai a buga 20 a wuce. Alhali numfashi na cikin alamun da ke fara sauyawa idan jiki zai rikice. A rataye agogo mai hannun daƙiƙa a bangon da ke bayan mara lafiya, inda idon nas zai kama shi da ƙirjin mutum a lokaci guda. Duk mako babbar nas ta zaro fayil 30 ta duba. Idan rabinsu 20 ne ko 18, ba a ƙirgawa.

Wurin ajiye allon ma abin lura ne. Kada nas ta juya wa ƙofa baya, kuma kada allo ya shiga tsakaninta da mara lafiya. Tsohuwa za ta ce, "'Yar nan, zuciyata ce ke tsinkewa, jikina duk ya mutu." Jerin cututtukan da ke cikin manhaja da Turanci yake, babu wannan a ciki. A bar gurbin da za a rubuta abin da ta faɗa da bakinta, ko da Hausa ne ko Twi ko Dagbani, domin likitan da zai zo daga baya ya fi buƙatarsa a kan kalmar da aka zaɓa don dai allo ya wuce.

Na'urori da abin da ke kashe su

Wutar Ghana bolt 230 ce, soket kuma mai baki uku irin na Ingila. Na'urar da aka yi don Amurka ta bolt 120 ce, kuma wadda ba ta karɓar wuta iri biyu tana ƙonewa a jonawar farko. Wannan ya fi shafar kayan kyauta, irin waɗanda 'yan'uwa mazauna ƙasashen waje ke haɗa kuɗi su aiko wa kilinik ɗin unguwarsu da kyakkyawar niyya. Kafin kaya su taso a nemi hoton farantin da ke bayan na'urar, injiniyan asibiti ya karanta. A tambaya ko tana da rajista da Hukumar Abinci da Magunguna ta Ghana, wadda ita ke kula da na'urorin asibiti. A tambaya ko akwai mai sayar da kayan cinta a Akra ko Kumasi, wato igiyar ɗan yatsa, ɗamarar awon jini ta babba da ta yaro, takardar hoton zuciya, batir, da man shafawa na sikanin. Monita mai tsada takan zama kayan ado saboda igiya ɗaya da ta tsinke.

A duba ma'aunin da na'ura ke magana da shi. A Ghana ana auna sikari da mmol/L, na'urorin Amurka kuma da mg/dL, bambancin ninki 18 ne. Idan na'urar kyauta ta nuna 40, sikarin mutum ya faɗi ke nan, kusan 2.2 a namu ma'aunin, yana buƙatar gulukos nan take. Nas da ta saba da namu tana iya karanta 40 a matsayin sikari da ya yi mummunan hawa. A saita kowace na'ura kan mmol/L, kilogiram da digirin Salsiyos kafin ta shiga sashe. Wadda ba ta saituwa a mayar da ita sito. Haka agogunansu: na monita, na kwamfuta da na bango su zama ɗaya, a duba duk ranar Litinin.

Na'urar ɗan yatsa mai auna oksijin tana buƙatar magana ta musamman, domin fatarmu ta shafa. Binciken Jami'ar Michigan da aka wallafa a Disamba 2020 ya duba marasa lafiyar da na'urar ta nuna musu 92 zuwa 96, aka kwatanta da gwajin jinin jijiya. A cikin baƙaƙen fata, kashi 11.7 cikin ɗari ainihin oksijin ɗinsu ƙasa da 88 yake, a cikin farare kuwa kashi 3.6. Ma'ana na'urar na iya kwantar wa nas da hankali a kan mutumin da ke cikin haɗari. Sanyin hannu, faɗuwar awon jini, motsi, jan farce da baƙin lalle duk suna rikita ta. A koya wa kowa cewa idan mutum yana haki, yana kasa ƙarasa magana, ko hankalinsa na gushewa, a ba shi oksijin a kira likita ko allon ya ce 94. A gwada wani yatsan ko kunne, a jira layin bugun ya daidaita kafin a rubuta lamba.

Injin tace oksijin mai lita 5 yana cin wajen wat 350, kuma da zarar wuta ta ɗauke ya tsaya. Duk gadon da ke dogara da shi ya zama akwai tukunyar oksijin cikakkiya a kusa, da kan tukunyar a ɗaure da sifana a rataye. Soson tace ƙurar da ke bayansa a wanke shi duk mako, a bar shi ya bushe sarai kafin a mayar, lokacin hunturu kuwa sau biyu a mako. Kada a manna injin da bango.

Sai kukan monita. Idan aka bar saitin kamfani, za ta yi ta ƙara a kan abin da ba ya buƙatar kowa, cikin mako biyu kunnen ma'aikata ya daina ji, wani ma ya kashe sautin ɗungurungum. Likita da babbar nas su zauna su tsayar da iyakokin da suka dace da manya da na yara, a rubuta a manna, kuma wanda ya karɓi aiki ya tabbatar sauti a kunne yake.

Wanda ya ga shekarun dumsor, wato yawan ɗauke wutar lantarki a Ghana, ba sai an yi masa wa'azi kan wuta ba. Kwamfutar tebur da allonta da firintar sitika ba su cika wuce wat 200 ba, UPS, wato akwatin batir mai riƙe wuta, mai ƙarfin 1000 VA zai riƙe su 'yan mintuna har janareto ya ɗauka. Kada a jona masa babbar firinta mai zafi ko injin oksijin. A tuna da akwatin intanet da sabar, wato babbar kwamfutar da ke ajiye bayanai, domin kwamfuta a kunne ba ta da amfani idan abin da take magana da shi ya mutu. Batirin UPS zafi ke cinye shi, a ɗakin da babu sanyi ba ya kai shekarun da aka rubuta a kwali, don haka duk wata uku a zare fulogi a ga minti nawa zai yi. A shafa wa soket ɗin na'urori jan fenti, a samar da wani wuri daban na cajin waya. In ba haka ba wata rana za a tarar an zare na'urar farfaɗo da zuciya an jona waya.

Mutanen da za su ɗauki kayan

Horo na yini ɗaya a ɗakin taro, wata biyu kafin a fara aiki, kuɗi ne aka zubar. A yi horo cikin mako biyu na ƙarshe, rukuni-rukuni na mutum 5 ko 6, kowa da kwamfuta a gabansa, da labarin mara lafiya irin na gaske: yaro mai jijjiga, mai ciki da ke zubar da jini, mutum uku daga haɗari ɗaya. A lissafa horon cikin lokacin aiki. Wadda ta kwana daga ƙarfe 8 na dare zuwa 8 na safe ba za ta riƙe komai ba idan aka tsare ta da darasi.

A kowane zubin aiki a ware gwanaye biyu, waɗanda aka ba su horo mai zurfi, a sauke musu marasa lafiya a mako biyu na farko, aikinsu kawai su tsaya kusa da mai neman taimako. Wajen zaɓensu kada a tattara matasa masu saurin yatsa kaɗai. Nas da ta shekara 25 a gaggawa, wadda ke gane mai mutuwa tun daga ƙofa, ita ce ta fi jin ciwon a ce yau ɗiyar cikinta ke nuna mata inda za ta danna a gaban jama'a. Ba za ta ce ba ta iya ba, sai dai ta ce manhajar banza ce, kuma sashe zai bi bayanta. A koya mata a keɓe, tun kafin kowa, a nemi shawararta kan tsarin allon tantancewa, domin ta fi kowa sanin tambayar da ta kamata ta zo farko. Matashin da zai koya mata a gaya masa yadda zai yi: "Mama, ki gwada da kanki, ina nan tsaye." Kada ya karɓi linzamin kwamfuta daga hannunta.

Ma'aikatan rikod da masu kai folda suna jin tsoron aikinsu ya ƙare, kuma tsoron yana da dalili. A gaya musu gaskiya tun farko, wane aiki zai tafi, wane zai zo. Rajista a bakin gado, haɗe fayiloli, shigar da bayanan da aka rubuta a takarda lokacin da manhaja ta tsaya, duk aikinsu ne, kuma yana sauke wa nas kaya. Sababbin likitoci da ke zagayawa duk wata shida da nas masu hidimar ƙasa kuma a tabbatar an buɗe musu suna da kalmar sirri kafin ranar farko. Idan aka yi jinkiri za su ari na wani, daga nan kuma babu wanda zai san wa ya rubuta wane magani. Kwamfutar da ke kulle kanta duk minti ɗaya ita ma tana haifar da wannan ɗabi'a, har a manna kalmar sirri a jikin allo. A nemi hanyar shiga mai sauri, a ƙara yawan kwamfutoci yadda likita da nas ba za su yi layi a kan guda ba.

Akwai wani abu da shugabanni ya kamata su kame hannunsu daga gare shi. Manhaja tana rubuta lokacin komai da sunan kowa, kuma jarabar amfani da wannan wajen tuhumar mutum ɗaya-ɗaya tana da ƙarfi. Ranar da aka kira nas ofis saboda allo ya nuna ta makara minti 12 wajen tantancewa, alhali tana danna ƙirjin wani a lokacin, daga ranar kowa zai koyi danna "an gani" kafin ya gani. Alƙaluman za su yi kyau, kuma ba za su ƙara faɗin gaskiya ba. A wata shida na farko a riƙa duba lokutan a matsayin na sashe baki ɗaya, ba tare da suna ba.

WhatsApp ya riga ya shiga aikin turo marasa lafiya ko an yarda ko ba a yarda ba, kuma yana da amfani a san mai zuwa tun yana hanya. Dokar kare bayanan jama'a ta 2012, wato doka ta 843, ta shafi bayanan lafiya. A sayi waya ta sashe wadda ke zama a sashe, a tura hoton rauni ko na ƙashi ba fuska ba suna, da lambar fayil kawai, a goge bayan an shigar a manhaja.

Ranar farawa da ranar da za ta tsaya

A guji Litinin, a guji makon Sallah, Kirsimeti da Ista lokacin da haɗurran hanya ke yawa, a guji makon da sababbin likitoci ke zuwa, da tsakiyar damina lokacin zazzaɓin cizon sauro. Safiyar Talata ko Laraba ta fi. A fara da ɓangaren kore da rawaya, ɗakin ja ya zo ƙarshe bayan hannu ya faɗa. Ma'aikacin kamfani ya kwana a sashen daren farko da na biyu, a rubuta wannan a yarjejeniya. Hukumar motocin asibiti ta Landan ta kunna sabuwar manhajar tura motoci a 26 ga Oktoba 1992 ba tare da isasshen gwaji da horo ba, kira ya taru, motoci suka yi ta makara na sa'o'i, cikin kwanaki aka koma takarda. Rubutu biyu, a takarda da kwamfuta, kada ya wuce mako biyu, kuma a sanar da ranar daina shi tun farko, domin shi ne ya fi komai gajiyar da ma'aikata.

Manhaja za ta tsaya wata rana. A 2025 asibitocin gwamnati da dama a Ghana sun koma biro da takarda lokacin da manhajar ajiye bayanan marasa lafiya ta LHIMS ta daina aiki. Ba a fafe gora ranar tafiya. A tanadi akwati mai alama a ofishin nas, cikinsa takardun da za su isa kwana biyu: na tantancewa, na magani, na gwajin jini, na hoto, abin ɗaurawa a hannu, jadawalin SATS guda uku a cikin leda, alƙalamin maka da farin allo na rubuta sunayen gadaje, da tocila biyu. A rubuta wanda ke da ikon cewa "mun koma takarda", wato babbar nas da ke bakin aiki, bayan minti 10 da tsayawa, ba sai an tashi wani shugaba daga barci ba. A kowane miƙa aiki a buga jerin waɗanda ke kwance da magungunansu a takarda ɗaya. Duk wata uku a kashe allo da gangan na awa ɗaya da safe, domin nas da ta fara aiki bayan zuwan kwamfuta wataƙila ba ta taɓa haɗa makin TEWS da hannu ba.

A yarjejeniyar kamfani a tabbatar an rubuta cewa bayanan marasa lafiya mallakin asibiti ne, ana iya kwafe su a kowane lokaci cikin sigar da wata manhaja za ta karanta, da awa nawa kamfani zai ɗauka kafin ya amsa kira da dare, da kuɗin kulawa na shekara a sidi ko a dala.

A ajiye littafi a teburin nas inda kowa zai rubuta abin da ya ba shi wahala, ba dole da suna ba. A mako biyu na farko a karanta shi kullum a taron minti 10 na safe, a faɗi abin da aka gyara jiya da wanda ba a iya gyarawa ba da dalili. Idan mako ya wuce ba a gyara ko ɗaya ba, rubutu zai tsaya. A mako na shida da wata na uku a sake zaunar da mai agogon nan a wurin da ya zauna da farko, ya auna lokutan nan huɗu da mintunan da nas ke ƙarawa bayan tashi. Jinkiri a makonnin farko abu ne da aka saba gani. Idan har wata na uku daga ƙofa zuwa maganin farko bai dawo yadda yake ba, a buɗe allon tantancewa tare da nas biyu na dare, a bi gurabensa ɗaya bayan ɗaya, duk wanda ba ya sauya abin da za a yi wa mara lafiya a awar farko a cire shi daga na dole, a mayar wa ma'aikacin rikod ya cike daga baya.